Sura da Kamanni: Saɓanin Malaman Nasara Kan Abin da Adamu Ya Rasa da Yadda Ake Mayar da Shi

Ɗalibin da ya fara nazarin addinin Nasara yakan soma ne da wuraren saɓanin da ya saba ji, wato taslisi, da allantakar da suke jingina wa Annabi Isa (AS), da batun gicciye. A kansu aka yi ta muƙabala tun zamanin Abbasiyawa. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata aƙida da ba a cika ɗaga murya a kanta ba, alhali kuwa ita ce turken da aka ɗaure sauran. Nasara sun yi imani cewa an halicci ɗan Adam bisa surar Allah da kamanninsa, cewa saɓon Annabi Adamu (AS) ya ɓata wannan sura, kuma Almasihu ya zo ne domin ya mayar da ita yadda take. Wanda bai san wannan ba, in ya ji Kirista na maganar ceto sai ya ɗauka gafarar zunubi kaɗai yake nufi, nan kuwa maganar ta haɗa da gyaran halittar mutum ita kanta.

Tambayar da ta raba kan malamansu ƙarni bayan ƙarni ita ce: me ya ɓace, me kuma ya rage? Ba tambayar zaure ba ce kurum. Idan surar ta gushe ɗungurungum, kuma ba ta dawowa sai ta hanyar imani da Almasihu, to ina matsayin wanda bai yi wannan imani ba, Bayahude ne ko Musulmi ko mai bautar gumaka? Jininsa da dukiyarsa da ƙasarsa suna da alfarma ko ba su da ita? Tarihin wannan aƙida, in aka bi shi a hankali, tarihin amsar wannan tambaya ne.

Kalmomi biyu da harafi ɗaya

Abu na farko da zai ba mai nazari mamaki shi ne ƙarancin nassin. A Tsohon Alkawari na Ibrananci wurare uku ne kacal suka ambaci halittar mutum bisa surar Allah a fili, dukansu a Littafin Farawa: babi na 1 aya ta 26 da 27, farkon babi na 5, da babi na 9 aya ta 6. Kalmomi biyu aka yi amfani da su. Ta farko, tselem, tana nufin abin da aka sassaƙa ko aka ƙera, har gumaka ma da ita ake kiran su, kuma masana harsunan Samiyawa da dama na ganin tushenta ɗaya da sanam ta Larabci. Ta biyu, demut, tana nufin kama. A nan za a kira ta farko sura, ta biyu kamanni.

A 1979 aka tono wani mutum-mutumin dutse a Tall Fakhariyya, arewa maso gabashin Siriya, na wani mai mulki da ya rayu wajen ƙarni na 9 kafin Miladiyya. Rubutun Aramiyanci da ke jikinsa ya kira shi da kalmomin nan biyu, yana musanya su ba tare da wani bambanci ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa a asali ma'anarsu ɗaya ce, maimaici ne irin na salon Ibrananci. An kuma san cewa a tsohuwar Masar da tsohuwar Iraƙi sarki ne ake yi wa laƙabi da surar abin bauta; sunan Fir'auna Tutankhamun ma ma'anarsa rayayyar surar Amun. Saboda haka yawancin masu tafsirin zamani ke cewa Littafin Farawa ya ɗauko laƙabin sarki ne ya naɗa wa kowane mutum, namiji da mace, ya ɗora masa kula da ƙasa da abin da ke cikinta.

Sai dai Nasaran farko ba da Ibrananci suke karatu ba. Fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariyya suka fara a ƙarni na 3 kafin Miladiyya ita ce a hannunsu, kuma masu wannan fassara sun saka harafin haɗi, wato "da", tsakanin kalmomin biyu, abin da babu shi a asalin. Fassarar Latin ta bi sahu. Da aka karanta "sura da kamanni" sai aka ga kamar abubuwa biyu ne daban, kuma a kan wannan ɗan harafi aka yi ginin da ya daɗe fiye da shekara dubu.

Wanda ya juya akalar maganar zuwa ga Almasihu shi ne Bulus. A wasiƙunsa zuwa ga Korintiyawa da Kolosiyawa ya kira Almasihu da kansa surar Allah, ya kuma ce ana sake siffanta masu bi zuwa wannan sura sannu a hankali. A wasiƙarsa ga Romawa ya jera Adamu da Almasihu: ta ɗaya mutuwa ta shigo, ta ɗayan rai. Daga nan surar ta tashi daga abin da aka ba mutum a farko kaɗai, ta zama kuma abin da yake tafiya zuwa gare shi. Amma nassin bai bar su sun huta ba, domin aya ta 6 a babi na 9 na Farawa, wadda ta haramta zubar da jini saboda mutum surar Allah ne, ta zo ne bayan saɓon Adamu, bayan Ɗufana ma. Wasiƙar Yaƙub kuma ta hana la'antar mutane da hujja irin wannan. Duk malamin da ya ce surar ta gushe sai ya yi karo da waɗannan ayoyi biyu.

Daga Liyon zuwa hamadar Masar

Iraniyos, bishop na birnin Liyon a Faransa ta yau, shi ya fara warware kullin da kalmomin biyu. Wajen shekara ta 180 ya rubuta littafi mai juzu'i biyar yana raddi ga ƙungiyoyin da ke cewa jiki da duniya aikin wani ƙaramin abin bauta ne, kuma tsirarun mutane ne kaɗai ke ɗauke da tartsatsin allantaka. Ya ce sura tana tare da mutum a halittarsa, har da jikinsa da aka gina da yumɓu, kuma ba ta rabu da shi ba. Kamanni kuwa Ruhu Mai Tsarki ne ke ba da shi, shi ne Adamu ya rasa. A ganinsa an halicci Adamu ne kamar yaro da ake jiran ya girma, ya yi gaggawa ya faɗi, sai Almasihu ya zo ya sake bin hanyar daga farko, ya yi biyayya a inda Adamu ya saɓa. Iraniyos bai tsaya kan wannan rarrabewa a kowane shafi ba, wani lokaci yakan haɗe kalmomin, amma magada sun riƙe rarrabewar. Orijin na Iskandariyya, wanda ya rasu wajen 254, ya ƙara mata hujja: ya lura cewa aya ta 26 ta ambaci sura da kamanni, ta 27 kuwa, wadda ta ba da labarin aiwatar da halittar, sura kaɗai ta ambata. Ya ce an ba da sura a farko, an ajiye kamanni sai ƙarshe, ga wanda ya yi ƙoƙari.

Atanasiyos, bishop na Iskandariyya da ya rasu a 373, ya ba da misalin da har yau ake maimaitawa a makarantun Nasara. Hoton mutum ne aka zana a kan allon katako, ƙazanta ta rufe shi har ba a gane fuskar. Mai zane ba ya jefar da allon, saboda darajar wanda aka zana. Sai dai dole mai hoton ya dawo ya zauna a sake zana shi a kan allon nan dai. Da wannan ya kafa hujjar cewa ba mala'ika ba, ba kuma wani annabi ba, sai ainihin Surar ce za ta iya gyara kwafinta. A nan ne mai karatu zai ga inda aƙidar sura ta kama hannun aƙidar allantakar Almasihu da aka tabbatar a taron Nikiya na 325: ɗaya tana neman ɗaya. Daga wannan tushe Cocin Gabas ta gina koyarwar da take kira teyosis, wato tarayyar mutum cikin rayuwar Allah. Malamansu sun nace cewa ba zama Allah a zati suke nufi ba, kuma a ƙarni na 14 Girigori Palamas ya rarrabe tsakanin zatin da ba a kai wa gare shi da ayyukan Allah da bawa ke iya tarayya a cikinsu.

Duk wannan maganar malamai ce. A shekara ta 399 ta fito titi. Tiyofilos, bishop na Iskandariyya, ya aika da wasiƙar Ista ta shekara-shekara, a ciki ya soki masu ɗaukan cewa Allah yana da siffar jiki irin ta mutum. Ruhubanawan hamada, waɗanda yawancinsu talakawan Ƙibɗawa ne marasa zurfin karatun falsafa, suka tayar da ƙura. Yuhanna Kasiyan, wanda ke Wadin Natrun a lokacin, ya ruwaito cewa cikin majami'u huɗu na wurin, ɗaya ce kaɗai ta yarda a karanta wasiƙar. Ya kuma ba da labarin wani dattijo mai suna Sarafiyon da aka sha fama da shi har ya yarda cewa Allah ba shi da jiki. Da aka tashi addu'a sai ya fashe da kuka, yana cewa an ɗauke masa Ubangijinsa, bai san wanda zai riƙa ba. Ɗalibin ilmin kalam zai tuna da rigimar Mujassima da masu tanzihi, kuma kamar da ke tsakanin rigingimun biyu ba ƙarama ba ce.

Amma akwai wata ruwaya ta Ƙibɗawa da ke nuna cewa ba jahilci ne kaɗai ya motsa ruhubanawan ba. Ta ce wani mai zuhudu, Afu, daga yankin Bahnasa, ya taka har Iskandariyya domin ya ji wasiƙar na cewa mutanen yanzu ba su ɗauke da surar Allah. Ya kafa wa bishop hujja da ayar haramcin jini, wadda aka faɗa wa Nuhu (AS) bayan Adamu ya daɗe da faɗuwa. Bishop ya tambaye shi yadda za a ce kuturu ko gurgu ko makaho ko mutumin Habasha surar Allah ne. Afu ya amsa da misalin hoton sarkin Rum: katako ne da fenti, ba ya gani, ba ya motsi, amma wanda ya wulaƙanta shi sarki ya wulaƙanta, domin sarki ne ya ce hotonsa ne. Ruwayar ta ce bishop ya janye maganarsa. Ko da an yi mata ado irin na littattafan manaƙibi, ta nuna abin da ke cikin tukunyar: mai ilmin ne ya ji ƙyamar jingina surar ga naƙasasshe da baƙar fata, mutumin daji kuma ya ƙi yarda a cire kowa. Ƙarshen rikicin dai siyasa ce. Da ruhubanawa suka yi dafifi a birnin suna barazana, Tiyofilos ya lallashe su, ya juya ya la'anci koyarwar Orijin a shekara ta 400, ya kori almajiranta daga hamada. Korarrun suka nemi mafaka wurin Yuhanna mai laƙabin Bakin Zinariya, bishop na Kustantiniyya, abin da ya zama sanadin tsige shi a 403.

A wannan zamani dai Girigori na Nisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kai hujjar inda ba a saba kai ta ba. A huɗubarsa ta huɗu kan Littafin Mai-Wa'azi ya tambayi mai bayi nawa ya biya kuɗin surar Allah, kuma wa ya ba shi ikon sayar da wanda aka naɗa mai mulkin ƙasa. Da wuya a sami wani marubuci a tsohuwar duniya da ya soki bauta daga tushenta kamar haka. Muryarsa kuwa ta tafi a iska, domin majami'u da kansu sun ci gaba da mallakar bayi ƙarnoni bayansa.

Ogastin da gadon Yamma

Ogastin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rayu daga 354 zuwa 430, kuma shi ya shata wa Cocin Yamma hanya. Ya nemi surar a cikin hankali, ba a jiki ba. Tun da Allah a aƙidarsa uku ne cikin ɗaya, sai ya ce dole a sami inuwar wannan a ran mutum: tunawa, fahimta da nufi, abubuwa uku a rai guda. Ya ƙara da cewa ran ba ya zama sura don yana tuna kansa da son kansa, sai don yana iya tuna Mahaliccinsa, ya san shi, ya so shi. Game da faɗuwa, ya taɓa rubuta cewa Adamu ya rasa surar, amma a littafin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa yana bitar rubuce-rubucensa ya gyara maganar: ba gushewa ta yi ba, gogewa ta yi, kamar tsabar kuɗin da hoton sarki ya dushe a jikinta. Gyaranta kuma mataki biyu ne. Baftisma tana cire mashi daga jiki nan take, warkewar rauni kuwa sai a hankali, kullum kaɗan. Bayan rigimarsa da Filajiyos, wanda ya ce mutum na iya yin biyayya da ikon da aka halicce shi da shi, da hukuncin taron Kartaj na 418, Yamma ta tsaya kan cewa wannan warkewa ba ta samuwa sai da alherin Allah, kuma zunubin Adamu gado ne ga zuriyarsa.

Ba kowa aka bari cikin inuwar ba. Wani mai tafsiri na ƙarni na 4, yana dogara da maganar Bulus a babi na 11 na wasiƙar farko ga Korintiyawa, ya ce mace ba surar Allah ba ce, kuma maganarsa ta shiga kundin dokokin coci na Giratiyan wajen 1140, duk da cewa Ogastin ya tabbatar wa mace surar ta fuskar hankalinta.

A ƙarƙashin daular Musulunci

Bayan buɗe Sham da Masar, manyan masu wannan tunani sun zama mazauna daular Musulunci. Yuhanna Dimashƙi, wanda gidansu ya yi wa Umayyawa aikin diwani, kuma ya rasu wajen 749, ya taƙaita gadon Gabas a jumla guda: sura ita ce hankali da 'yancin zaɓi, kamanni kuwa kyawawan halaye gwargwadon iko. Da sarakunan Rum suka fara farfasa hotunan majami'u a ƙarni na 8, shi ne ya kare hotunan daga inda hannun sarki ba ya kai, yana cewa Allah ne ya fara yin sura da ya halicci mutum. Taron Nikiya na biyu a 787 ya ɗauki matsayinsa. Bayansa Tiyodor Abu Ƙurra, bishop na Harran, ya rubuta risala da Larabci kan wannan batu, yana amsa sukar Yahudawa da Musulmi, har ya jawo ƙissar sujadar mala'iku ga Adamu don ya nuna cewa ba kowace sujada ce bauta ba.

A nan ya kamata a yi hattara da kamar lafazi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin halittar Adamu bisa sura, kuma a wata ruwayar Muslim an haɗa shi da hanin dukan fuska. Malamai sun yi saɓani kan inda lamirin yake komawa: wasu sun ce ga Adamu kansa, wasu, kamar Ibn Huzaima da ya rasu a 311 bayan Hijira, sun ce ga wanda aka daka, wasu sun ce ga Allah ta fuskar girmamawa kamar yadda ake cewa Ɗakin Allah, wasu kuma sun bar shi yadda ya zo ba tare da tambayar yaya ba, duka a ƙarƙashin aya ta 11 ta Suratush Shura da ta kore kama. Amma babu ɗayansu da ya gina aƙidar ɓacewa da dawowa a kansa. Suratul Baƙara aya ta 37 ta rufe ƙissar Adamu da karɓar tuba, Suratul An'am aya ta 164 ta kore ɗaukar laifin wani, kuma ana haifar kowa bisa fiɗira. Lafazin ya yi kusa, gidan da aka gina a kansa kuwa daban ne.

Ƙarni na 16: amsoshi biyu a shekaru guda

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya jera surar hawa uku: ta halitta, wadda ke ga kowane mutum, ta alheri, wadda ke ga salihai, da ta ɗaukaka, wadda ke ga 'yan Aljanna. Malaman zamaninsa kan kwatanta Adamu da matafiyin da 'yan fashi suka tare a misalin Basamariye: an tuɓe masa kyautar da ta zarce halitta, an ji masa rauni a halittarsa, amma bai mutu ba.

Wannan ne Martin Luther ya ƙi. A darussansa kan Littafin Farawa, daga 1535 zuwa 1545, ya ce in tunawa da fahimta da nufi su ne surar, to Shaiɗan ma surar Allah ne, tun da ya fi mutum ƙarfinsu. A wurinsa surar ita ce sanin Allah da dogara gare shi ba tare da tsoro ba, kuma ta ɓace har mutum ba ya iya fahimtar yadda take. Kalvin a Janeba, wanda ya san Ibrananci, ya rushe rarrabewar Iraniyos, ya ce kalmomin biyu abu ɗaya ne. Da ya rushe ta kuwa sai ya rasa inda zai ajiye abin da ya rage, ya ce surar ba ta shafe ƙaf ba, amma saurarta kufai ne mai ban tsoro. Duk da haka shi ne kuma ya rubuta cewa wajibi ne a kyautata wa kowane mutum, ko bai cancanta ba, saboda surar da ke jikinsa. Mai karatu zai ga tufka da warwara a nan, kuma ba a zalunci Kalvin ba in aka ce bai daidaita maganganun biyu ba.

Wani almajirin Luther, Matiyas Filasiyos, ya bi hujjar har ƙarshenta. A muƙabalar da aka yi a Weimar a 1560 ya ce zunubin gado ya zama ainihin zatin mutum, surar Allah ta rikiɗe ta zama surar Shaiɗan. 'Yan mazhabarsa suka razana. An raba shi da kujerarsa a jami'ar Jena, ya yi ta yawo har ya rasu a Frankfurt a 1575, kuma takardar daidaitawa ta mabiya Luther ta 1577 ta yi watsi da ra'ayinsa a babinta na farko. Hujjarsu ita ce, in zunubi ne zatin mutum, to ko dai Allah ne ke halittar zunubi a kowace mahaifa, ko kuwa Shaiɗan mahalicci ne.

A daidai shekarun da Luther ke karantar da Farawa, tambayar ta taso a Sifen da jini a jikinta. An ci Meziko a 1521, an kashe sarkin Inka, Atahualpa, a 1533, kuma masu cin ƙasa na neman fatawar da za ta halatta musu abin da suka ƙwace. Akwai tsohon ra'ayi, wanda aka sani da John Wycliffe na Ingila kuma taron Konstans ya la'anta a 1415, cewa mulki da mallaka suna rataye ne da alherin Allah, mai babban zunubi ba shi da su. In haka ne, wanda bai yi imani ba ba shi da gona balle sarauta. A Janairun 1539 Francisco de Vitoria, malamin tauhidi a jami'ar Salamanka, ya yi lacca kan mutanen sabuwar duniya, ya ɗauko hawa na farko na Akwinas ya mai da shi hukunci. Ya ce mallaka tana kan surar Allah, mutum kuma surar Allah ne ta halittarsa, wato ta hankalinsa, kuma zunubi ba ya gusar da wannan, rashin imani ma haka. Saboda haka mutanen can masu ƙasarsu ne na gaskiya, sarakunansu sarakuna ne. Ya ambaci Musulmi da Yahudawa da suna, ya ce ƙwace musu dukiya don kawai ba su yi imani ba sata ne ko fashi, daidai da ƙwace wa Kirista. Ya kuma musanta cewa Fafaroma na da ikon raba ƙasashen duniya. A watan Nuwamba na shekarar sarki Sharl na Biyar ya aika wa shugaban gidan ruhubanawan da Vitoria ke zaune cewa a daina irin wannan magana.

Bai kamata a yi masa rawanin da ya fi kansa ba. A kashi na ƙarshe na laccar ya lissafa dalilan da za su halatta yaƙi, ciki har da hana Sifaniyawa yawo da ciniki da wa'azi, ƙofar da ya rufe ta gaba sai ya bar ta baya a buɗe, kuma ta nan aka ci gaba da shiga. Amma asalin da ya kafa, cewa haƙƙin mutum yana bin halittarsa ne ba addininsa ba, ya shiga littattafan dokar ƙasa da ƙasa na Turai, kuma daga rarrabewar nan ta sura da kamanni ya fito, wadda masana Ibrananci suka ce kuskuren fassara ce.

Rigimar ta sake tashi a 1934, shekara guda bayan hawan Hitler. Emil Brunner na Zurich ya rubuta cewa abin da ke cikin surar ya ɓace, amma ƙirarta tana nan, wato kasancewar mutum mai magana da ake iya tambaya ya amsa, kuma a nan wahayi ke samun wurin kamawa. Karl Barth, wanda ke ganin yadda wasu limaman Jamus ke neman muryar Allah a cikin jini da ƙabila, ya mayar da martani da ɗan littafi mai sunan kalma ɗaya, ma'anarta "A'a". A ganinsa duk wata ƙofa da aka bar wa halittar mutum, ta nan gunki zai shigo. Mutanen biyu duka abokan gaban Nazi ne, kuma sun shafe shekaru ba su jituwa.

Cocin Katolika ta bayyana nata matsayi a taron Batikan na biyu. Takardar da aka fitar ranar 7 ga Disamba 1965 kan coci a duniyar yau ta kafa darajar kowane mutum a kan halittarsa bisa surar Allah, ba ta ware mai imani da marar imani ba, sa'an nan ta ce Almasihu ne ya mayar wa 'ya'yan Adamu kamannin da zunubin farko ya ɓata. Kalmomin biyu na Iraniyos ne suka dawo, kowace a mazauninta. Makonni shida kafin nan, ranar 28 ga Oktoba, taron ya fitar da wata takarda da a cikinta ya ambaci Musulmi da girmamawa, a ƙarshenta kuma ya kafa haramcin wariya saboda launi ko ƙabila ko addini a kan wannan sura ɗin dai.